Labarin Zane da Yaron da Ya Iya Haɗa Baƙi Amma Ba Ya Son Littafi

Ɗan ƙanwata yana aji huɗu na firamare a Tudun Wada da ke Kaduna lokacin da na fara lura da yadda yake karatu. Yakan ɗora yatsa a ƙarƙashin kalma, ya furta ta daidai, ya matsa zuwa ta gaba, har ya kai ƙarshen shafi ba tare da kuskuren a-zo-a-gani ba. Amma da na tambaye shi abin da ya faru a cikin labarin, sai ya mayar da idonsa kan takardar, ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, ai na karanta." Gaskiya ya faɗa, domin ya karanta ɗin, sai dai duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙi da wasali, kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya riga ya ɓace masa. Sakamakonsa na makaranta ba shi da laifi, amma ban taɓa ganin ya buɗe littafi don raɗin kansa ba, sai idan an ba su aikin gida.

Wata rana na tsaya wajen masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi kusa da Babbar Kasuwa, na tsinci wani ɗan littafin Turanci mai zane-zane a kan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, bangonsa ma ya yage. Na kai gidan na ajiye a kan tabarma, ban ce wa kowa komai ba. Da ya dawo daga Islamiyya ya ɗauka yana jujjuyawa, kafin sallar isha'i ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe sau biyu, sannan ya zo ya nuna mini wata kalma ya ce, "Kawu, mece ce ma'anar wannan? Ita ce mai tsaron gida ya faɗa kafin a ba shi jan kati." Wannan ne karo na farko da na ji ya nemi ma'anar kalma don yana son ya san abin da ya faru, ba don za a tambaye shi a aji ba.

Ya kamata a fayyace abin da ake nufi da labarin zane, domin mutanenmu sukan haɗa abubuwa daban-daban su kira su duka katun. Littafin ƙananan yara mai babban hoto a sama da layi biyu na rubutu a ƙasa wani abu ne daban, haka kuma zanen barkwanci ko na siyasa da jaridu ke bugawa a akwati guda. Labarin zane, wanda wasu ke kira komik, shi ne wanda ake jera ƙananan akwatuna a shafi, kowane akwati yana ɗauke da wani ɗan lokaci na labarin, maganar mutanen ciki kuma tana rubuce a cikin da'irar da ke fitowa daga bakinsu. Idan labarin ya yi tsawo, ya cika littafi guda mai farko da tsakiya da ƙarshe kamar kowane ƙagaggen labari, shi ne littafin labarin zane da ake magana a kai. Bambancin yana da muhimmanci, saboda a littafin ƙananan yara hoto ado ne ga rubutu, a nan kuwa zane da rubutu sun raba aikin ba da labari a tsakaninsu, idan aka cire ɗaya labarin ya gurgunce.

A wannan rabon aiki ne amfaninsa yake ga yaro irin ɗan ƙanwata. Mai karatun da bai ƙware ba yana ɗauke da kaya biyu a lokaci guda, wato furta kalmomi da kuma riƙe zaren labari, kuma galibi na farkon ne ke rinjayarsa har ya saki na biyun. Zane yana karɓar masa wani ɓangare na kayan. Ba ya buƙatar sakin layi guda da zai bayyana masa cewa dare ne, ana ruwa, kuma mutumin da ke tsaye a ƙofar zaure ransa a ɓace yake, domin duk ya gani da kallo ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne ya karanta abin da mutumin ya ce, kalmomi shida ko bakwai, kuma yana da dalilin karanta su tunda fuskar mutumin ta riga ta sa masa tambaya a zuciya. Idan ya haɗu da baƙuwar kalma, zanen da ke kewaye da ita yakan ba shi rabin ma'anarta. Shafi kuma yana ƙarewa da wuri, yaro ya ga ya juya goma, ya juya ashirin, har ya rufe littafi ya ce ya gama. Wanda bai taɓa koyar da yara ba zai iya raina wannan, amma yaron da ya taɓa gama littafi guda da kansa yana kallon na biyu da wani ido daban.

Akwai kuma wani aikin da ƙwaƙwalwa ke yi wanda ba a ganinsa a takarda. A ɗauka akwati na farko ya nuna yarinya ta ajiye tiren ƙosai a gindin bishiya ta juya tana ba wani canji, ga akuya ta leƙo daga lungu. Akwati na biyu kuma ya nuna yarinyar ta ɗora hannu a ka, tire a kife a ƙasa. Babu inda aka zana akuya tana ture tire, babu inda aka rubuta hakan, amma kowane yaro zai gaya maka abin da ya faru, har ya ƙara da abin da zai same ta idan ta koma gida. A ɗan farin filin da ke tsakanin akwatunan biyu mai karatu ya cike giɓin da kansa. Wannan cike giɓi, wato gano abin da ba a faɗa ba daga abin da aka faɗa, shi ne ainihin abin da darasin auna fahimta ke nema, kuma shi ne abin da ɗalibai da yawa ke kasawa a jarrabawa har a sakandare. Mai karanta labarin zane yana yin wannan atisaye sau da yawa a kowane shafi ba tare da ya san yana yi ba. Nan ne kuma ya sha bamban da kallon katun a talabijin ko a waya, inda hoto ke tafiya da saurin da aka tsara masa, ko yaro ya fahimta ko bai fahimta ba. A littafi shi ke riƙe da linzami, yana iya tsayawa, yana iya komawa baya.

Duk da haka iyaye da malamai da yawa suna ganin wannan ba karatu ba ne, wasa ne, kuma zai sa yaro ya zama malalaci. Wannan zargi ba a nan ya fara ba. A Amurka, a shekarar 1954, wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Fredric Wertham ya wallafa littafin da ya ɗora wa komik alhakin lalacewar tarbiyyar matasa, har majalisar dattawan ƙasar ta yi zaman sauraron bahasi a kan batun, kamfanonin ɗab'i kuma suka kafa wa kansu hukumar tacewa a wannan shekarar. Bayan shekaru masu yawa, da aka buɗe takardunsa ga masu bincike, an gano ya karkatar da wasu daga cikin hujjojin da ya kafa. A hankali ra'ayi ya sauya. A 1992 aka ba littafin Maus na Art Spiegelman lambar yabo ta musamman ta Pulitzer, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na rubutu a Amurka, alhali labarin zane ne a kan yadda mahaifin marubucin ya tsira daga sansanonin 'yan Nazi, batun da babu wasa a cikinsa ko kaɗan. A 2020 kuma littafin New Kid na Jerry Craft ya zama labarin zane na farko da ya ci lambar Newbery, wadda ƙungiyar ma'aikatan laburare ta Amurka ke ba littafin yara mafi fice a shekara. Ban kawo waɗannan don abin da aka yarda da shi a Amurka ya zama hujja a kanmu ba. Na kawo su ne don a ga cewa inda aka tsananta zargin, can ma an daɗe ana gwada abin a makarantu da ɗakunan karatu, kuma ba su ƙare da korarsa ba.

Halin da muke ciki bai ba mu damar raina duk wata ƙofa da yaro zai bi ya shiga karatu ba. Rahoton da Bankin Duniya ya fitar tare da UNICEF da UNESCO da wasu hukumomi a 2022 ya ƙiyasta cewa kashi 70 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi, a Afirka kudu da Sahara kuma adadin ya kai kashi 89. A nan Kaduna mun sha muhawara a kan malamai, musamman a 2017 lokacin da gwamnatin jiha ta ce 21,780 daga cikin malaman firamare kusan 33,000 ba su ci gwajin da aka yi musu ba, mun kuma yi ta magana a kan azuzuwa da kujeru da ciyar da ɗalibai. Duk waɗannan suna da muhimmanci. Abin da ban cika jin ana tambaya ba shi ne, idan yaro ya koyi haɗa baƙi, me zai karanta? Karatu sana'a ce ta maimaici, kamar ɗinki ko tuƙi, kuma darasin minti arba'in a ajin da ya cika maƙil ba zai ba yaro yawan maimaicin da yake buƙata ba. Sauran dole ya fito daga karatun da yake yi don jin daɗi. Masana irin su Stephen Krashen sun daɗe suna nuna cewa yaran da ke karatu da son ransu sun fi tara kalmomi da iya rubutu, kuma shi kansa ya sa komik cikin abubuwan da ke jan yara zuwa ga littafi.

Sai kuma a dubi ranar yaron Rigasa ko Kawo ko Unguwar Sanusi. Da safe boko, da la'asar Islamiyya, bayan magariba wasu suna da karatun allo ko hadda, 'yan mata kuma ga aikin gida, wasu ga talla. Duk karatun da ke cikin wannan rana na wajibi ne, ana biya shi, ana haddace shi, ana tambayarsa. Ɗan lokacin da ya rage na hutu, wayar uwa ko wayar yaya ce ke cinye shi da gajerun bidiyo da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa. Littafin da zai shiga wannan ɗan tsukin lokaci dole ya kama yaro tun daga shafin farko, kuma ya zama ana iya ajiye shi a dawo. Labarin zane ya dace da wannan fiye da littafi mai shafi ɗari na rubutu zalla.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne cewa wannan jiha ce ta fi kowace cancantar samar da irin waɗannan littattafai da Hausa, amma wanda na saya wa yaron na Turanci ne, kuma da na koma neman na Hausa a wajen masu littattafai ban samu ba. A Zariya, tafiyar kimanin kilomita 80 daga nan, aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 a ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi mai suna Rupert East, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Bello Kagara. Dalilin gasar shi ne ainihin matsalar da muke magana a kai, wato an koya wa mutane karatun boko amma ba su da abin karantawa mai daɗi. Daga wannan yunƙuri aka samu Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, aka kuma kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kamfanin NNPC na buga littattafai ya biyo baya a 1966. Ta fuskar zane ma Zariya ce. A 1958 ɗaliban kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zane a Najeriya, kuma har yau sashen koyar da zane na jami'ar yana yaye ɗalibai. Ga marubuta, ga masu zane, a gari ɗaya, sai dai ba a haɗa su a kan teburi guda don yara ba. Roye Okupe, ɗan Najeriya mazaunin Amurka, ya fitar da labarin zane mai suna Malika wanda ya gina jarumarsa a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Aikin ya samu karɓuwa, amma da Turanci yake, kuma yarinyar da ke wucewa ta gefen ganuwar Zazzau kullum a hanyarta ta makaranta da wuya ta taɓa ganinsa.

Ina ganin da Hausa ya kamata a fara, musamman daga aji biyu zuwa huɗu. Yaron da ke fama da haɗa baƙi, idan kuma aka haɗa masa da harshen da bai ƙware a kansa ba, kaya ya zama uku. Idan kuwa abin da ke cikin da'irar magana irin maganar da yake ji a gida ce, da ya furta kalmar ma'anarta ta zo masa nan take. Kaduna gari ne na harsuna da yawa, amma yaran Gbagyi da Fulani da Bajju da Atyap da sauransu da yawa suna wasa da Hausa a unguwa, don haka littafin zai yi musu amfani su ma. Na Turanci suna da nasu gurbin, domin da shi ake rubuta jarrabawa, kuma zane yana taimakawa ƙwarai wajen koyon baƙon harshe. Kayan labari kuwa ba mu rasa ba. Tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi kamar don zane aka yi su, ga tarihin Zazzau, ga rayuwar yau da kullum ta yaron da ke koyon gyaran babur ko yarinyar da ke son zama ma'aikaciyar jinya.

Akwai tambayar da iyaye Musulmi ke yi da gaske, kuma bai kamata a kauce mata ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi a kan yin surori, kuma malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin, ko ya taƙaita ga sassaƙe da abin da ake girmamawa, ko ya haɗa da zane a takarda. Malamai da yawa na wannan zamani sun sauƙaƙa a kan hotunan da ake koyar da yara da su, wasu suna kafa hujja da hadisin 'yan tsanan da Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, take wasa da su. Ba ni da matsayin yanke hukunci, kuma uban da ya bi fatawar malaminsa ya ƙi, ya kamata a girmama shi. Abin da kowa ya haɗu a kai shi ne ba a zana Annabawa, kuma shiga da ɗabi'un mutanen cikin labari su dace da tarbiyyarmu. A nan ne ma littattafan da ake shigowa da su ke buƙatar idon babba, domin ba kowane abu mai zane ne na yara ba. A Japan, inda ake kiran irin wannan adabi manga, ana buga na yara daban, na matasa daban, na manya daban, kuma wasu daga cikin na manyan suna ɗauke da tsiraici da zubar da jini. Kafin a miƙa wa yaro littafi, minti biyar na juya shafuka ya isa babba ya gane ko ya dace.

Wani abin lura shi ne akwai yaron da zai bi hotuna kawai ya tsallake rubutu. Wannan yakan faru da littafin da zanensa ya faɗi komai, rubutun ya zama maimaici. Littafi mai kyau shi ne wanda idan ka tsallake magana ba za ka gane dalilin da ya sa aboki ya juya wa abokinsa baya a shafi na gaba ba. Kuma ba kowane yaro ne zai tashi daga labarin zane zuwa dogon littafi da kansa ba, sai an ajiye su kusa da juna, an kuma samu babban da zai ce masa, tunda ka ji daɗin wannan, ga wani mai irin labarinsa.

Hanyar da aka fi kashe wannan abu da ita ita ce a mayar da shi darasi. Da zarar malama ta ce a karanta shafi na biyar zuwa na goma a amsa tambayoyi, ya koma cikin jerin abubuwan wajibi. Na ga wata malama a wata firamare da ta yi akasin haka. Tana da kwali guda mai littattafai da ba su fi ashirin ba, ranar Alhamis bayan tara takan zube su a kan benci, yara su zauna uku-uku ko huɗu-huɗu a kan littafi ɗaya. Ba ta ba da maki, ba ta tambayar kowa. Sai ka ga ɗaya ya zama muryar wannan, ɗaya ya zama muryar wancan, wanda ya fi rauni a karatu an ba shi mai gajeriyar magana, idan ya cije na kusa da shi ya ɗora shi. Ita ma takan zauna da nata littafin tana karantawa a gabansu.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ya fi hana ruwa gudu. Zane mai launi yana da tsada, takarda kuma daga waje ake shigo da mafi yawanta, farashinta yana bin dala. Amma launi ba sharaɗi ba ne, domin akasarin manga baƙi da fari ake buga su a takarda mai araha. Ɗan littafi mai shafi 32 da aka ɗinke da waya a tsakiya ba ya fin ƙarfin ƙananan maɗaba'un da ke cikin garin nan. Hanyar isar da shi ga masu karatu ma mun san ta, tunda littattafan Hausa na zamani da suka bunƙasa daga shekarun 1980 sun yaɗu ne ta shagunan haya da aron hannu da hannu, inda kwafi ɗaya ke zaga gidaje da yawa. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da hukumar ɗakunan karatu za su iya tabbatar wa mawallafi kasuwa idan suka yi alƙawarin sayen wani adadi, bikin baje kolin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017 kuma wuri ne da marubuci da mai zane za su iya haɗuwa. Mai zane dole a biya shi daidai wahalarsa, domin shafi ɗaya mai akwati shida na iya cin yini guda ko fiye.

Shi kuwa ɗan ƙanwata, da bai samu kashi na biyu na littafin ƙwallon ba, sai ya tsaga tsakiyar wani tsohon littafin rubutu, ya ja layuka da rula ya yi akwatuna, ya ci gaba da labarin da kansa, amma da Hausa, 'yan wasan kuma ya mayar da su yaran layinsu. Zanen na yara ne, kawuna sun fi jiki girma. Ya kawo mini ne don wata matsala guda, yana so mai tsaron gida ya ce ƙwallon ta ƙi shiga, amma da ya rubuta sai ya ga "ki" ya fito, kuma ya san ba haka ake faɗa ba. Na nuna masa yadda ake lanƙwasa kan harafin, ya goge ya gyara, sannan ya koma shafukan baya yana neman sauran wuraren da ya yi irin wannan kuskuren.